Dutsen Bagzan, tsauni mafi tsawo a Nijar

Mu nan Tasawa da Mayahi ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, rairayi da tudu, ba mu saba da hawan dutse ba. To amma ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a ƙasarmu tana Abzin, jihar Agadas, bisa dutsen Bagzan. Buzaye na ce mata Idukal-n-Tagas, tsawonta mita 2,022 daga doron teku. Ku kwatanta da Tasawa da ke wajen mita 400.

Bagzan faffaɗan tudu ne na dutse, da ƙauyuka da garake a samansa, cikin yankin Tabelot. Akwai idanun ruwa, ga sanyi, shi ya sa ake noman dankalin turawa da tafarnuwa da albasa. Mutanen Abzin ba baƙinmu ba ne: su ne masu ayarin raƙuma da ke kawo kantun gishiri da dabino daga Bilma, su koma da hatsinmu. Ta wannan hanya ce ma Bature Heinrich Barth ya ratso Abzin a 1850, ya iso Tasawa farkon 1851.

Hawan ba ya buƙatar igiya, ƙafa yake so da haƙuri. Hanya ce siririya mai tsakuwa da ke bin kwazazzabai, jakuna ke ɗaukar kaya. Lokacin da ya fi dacewa shi ne ɗari, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sai dai da dare sanyi kan kai ruwa ya daskare, a tafi da bargo. Da damina kuwa kore kan cika nan take, ko ba a ga hadari ba. A ganinmu, wanda ya hau ba jagora ɗan wurin ya yi ganganci, kuma a fara tambayar hukuma halin tsaro.

Daga arewa akwai gandun Abzin da Tenere da gwamnati ta keɓe a 1988, faɗinsa ya haura hekta miliyan 7. Cikinsa ne dutsen Tamgak yake, kusa da Iferwan, mita 1,988. UNESCO ta sa gandun cikin kayan gadon duniya a 1991, shekara guda bayan nan ta sa shi jerin waɗanda ke cikin haɗari saboda tawaye. Ragon dutse da barewa na nan, amma farauta ta kusa ƙarar da jimina.