Masaƙan Indiya da Yadda Injin Ya Ci Kasuwarsu

A Indiya ta dā, sana'a gado ce kamar yadda sarauta take gado. Al'umma ta kasu gida-gida bisa tsarin da suke kira jati, ɗan maƙeri ya tashi a maƙera, ɗan magini ya tashi cikin yumɓu, kuma da wuya mutum ya yi aure a wajen gidan sana'arsa. In aka ɗebe noma, babu sana'ar da ta ciyar da jama'a kamar kaɗi da saƙa. A Bengal ana kiran masaƙa Tanti, a arewacin ƙasar kuwa Julaha, waɗanda galibinsu Musulmi ne. Mawaƙin nan Kabir na birnin Banaras, wanda ya rayu a ƙarni na 15, a gidan masaƙa ya tashi.

Inda saƙar ta kai maƙura shi ne Dakka, babban birnin Bangladesh a yau. A gaɓar kogin Meghna ake noma audugar, mata su yi kaɗinta da sassafe tun raɓa ba ta bushe ba, domin zaren ya yi sirantar da busasshiyar iska kan tsinka shi. Saboda laushin yadin har laƙabi ake yi masa, wani a ce "saƙaƙƙiyar iska", wani "raɓar maraice". Yadin Indiya ya mamaye kasuwannin Turai har masu saƙar ulu na Ingila suka koka, majalisarsu ta yi dokoki a 1700 da 1721 don toshe masa hanya.

Bayan yaƙin Plassey na 1757, Kamfanin Turawan Ingila na Gabashin Indiya ya tashi daga mai saye ya koma mai mulki. Wakilansa kan ba masaƙi kuɗin kafin alƙalami, su yanke farashi yadda suka ga dama, su kuma hana shi sayar wa kowa. Wanda ya karɓa ya shiga ƙangi ke nan. Akwai labarin da ya bazu cewa Turawa sun riƙa datse wa masaƙa babban yatsa. Abin da William Bolts ya rubuta a 1772 shi ne wasu masu warwarar siliki ne suka yanke nasu da kansu don su kuɓuta daga aikin tilas. A ganina wannan ya fi wancan ban tausayi.

Sai kuma injinan Lancashire suka iso da zare da yadi masu araha, musamman bayan 1813 da aka buɗe cinikin Indiya ga sauran 'yan kasuwar Ingila. A nan ya kamata a bambance. Masaƙi ya sha wuya amma bai mutu ba, don ya koma sayen zaren inji yana saƙa abin da inji bai iya ba, kamar sari mai ado. Wadda ta rasa komai ita ce mai kaɗi, wato matar ƙauye, sau da yawa gwauruwa, wadda mazari ne abincinta. Wanda ya san yadda akoko ya yi wa saƙi a kasuwannin ƙasar Hausa bayan isowar jirgin ƙasa Kano ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Wannan ne ya sa Gandhi ya mayar da keken kaɗi, wato charkha, makamin siyasa. Ya kafa ƙungiyar masu kaɗi ta ƙasa a 1925, ya kira jama'a su sa khadi, yadin da aka kaɗa aka saƙa da hannu. A 1931 hoton keken ya hau tutar jam'iyyar Congress, kuma a shekarar ya ziyarci ma'aikatan masaƙun Darwen a Ingila, waɗanda ƙauracewar ta taɓa aljihunsu. Mawaƙi Tagore dai bai gamsu ba, yana ganin kaɗi ba zai fitar da ƙasa daga talauci ba.

Da aka sami 'yanci a 1947 an cire keken daga tutar ƙasa. Gwamnati ta yi dokar kafa hukumar khadi a 1956, sannan a 1985 ta keɓe wa masaƙan hannu wasu nau'o'in yadi, ko da yake a lokacin abokan hamayyarsu ƙananan injinan cikin gida ne. Ƙidayar 2019 zuwa 2020 ta sami kimanin mutum miliyan 3.5 a sana'ar, mafi yawansu mata.