Tashar Jirgin Ƙasa ta Kano da Kasuwar Kurmi

Tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, Kasuwar Kurmi ita ce cibiyar cinikin ƙasar nan. Nan ayarin Larabawan Gadamas ke sauke kayan Tarabulus, nan Buzaye ke kawo gishirin Bilma, nan kuma Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari ke kwance goron Gwanja, bayan tafiyar watanni da jakuna. A wancan lokaci Kano ta ba teku baya, fuskarta tana duban arewa da yamma.

A cikin 1907, zamanin Gwamna Girouard, aka soma shimfiɗa hanyar jirgi daga Baro, bakin Kwara, aka nufo Kano, tafiyar mil 356. Hanyar ta iso a 1911, Sarki Abbas yana bisa gado, aka buɗe ta ga jama'a a 1912. A Minna ta haɗu da wadda ta taso daga Ikko. Amma da fari sai an ƙetare da jirgin a kan ruwa a Jebba, har aka gama gada a 1916.

To, ba a shigo da tashar cikin birni ba. Aka kafa ta a bayan ganuwa, gabas da gari, daura da Fagge, tsohon masaukin fatake. Wannan kuwa ba ƙaramin al'amari ba ne ga Kurmi, gama inda aka sauke kaya, can ciniki ke bi. Kamfanonin Turawa suka gina kantunansu kusa da tasha, Kwarori suka biyo baya, a 1913 kuma aka yanka Sabon Gari domin baƙi mutanen kudu, waɗanda da yawansu ma'aikatan reluwe ne da akawuna.

Turawa sun sa rai auduga jirgin zai riƙa ɗauka zuwa masaƙun Ingila. Manoman Kano suka yi nasu lissafi. Auduga dai masaƙan gida suna saye da daraja, gyaɗa kuwa ga kuɗi, in shekara ta ƙi kuma a ci. A 1912 gyaɗar da ta fita Nijeriya ba ta kai tan 3,000 ba. A 1913 ta wuce tan 19,000. Attajiran goro, da yake sun san ƙauyuka sun kuma san amana, su suka zama masu saye, shahararrensu Alhaji Alhassan Ɗantata. Buhuna suka rinjayi taragu, aka shiga jera su a fili, har dalar gyaɗa ta zama alamar Kano.

Ma'aikatan En'e su suka fi kowa sanin abin da wannan ya haifar. Wuri ya mutu, sule da kwabo suka maye gurbinsa, talaka ya sayar da gyaɗa ya biya haraji, Baitulmali ta yi kauri. Da irin wannan ƙarfi ne En'e ta kawo ruwan famfo daga Chalawa da wutar lantarki a 1931, zamanin Sarki Abdullahi Bayero.

Ban da gyaɗa, jirgi yana tafiya da shanu da fatu da ƙiraga, ya komo da goro ɗanye, da gishiri, da kananzir, da atamfa, da wasiƙu. A 1930 hanyar ta zarce Nguru, tashar Kano ta daina zama maƙura.

Kurmi fa ba ta mutu ba, ko da yake ayarin Sahara ya ƙare, manyan hajoji kuma suka koma waje. Ta riƙe dukawa da maƙera da masu turare da dillalan riguna, da dukan abin da Bakano ke bukata ranar biki ko hawan salla.

Bayan 1970 fari da cuta suka karya gyaɗa, manyan motoci suka ƙwace lodi, tashar ta yi sanyi ƙwarai. A ƙarshen 2012 an sake tayar da jirgin fasinja tsakanin Ikko da Kano. A 2021 kuma aka aza harsashin sabuwar hanya daga Kano ta Kazaure da Daura da Katsina zuwa Maraɗi, watau wajen da raƙuma ke fitowa a dā.