United da Liverpool: gabar da ta girmi kakanninmu, da yadda fantasi ta raba mana zuciya biyu

Yau ƙwallo za mu taɓa, kuma tun daga farko bari in faɗa muku inda na tsaya don kada wani ya ce an yi masa rufa-rufa: ni ɗan Manchester United ne. Ƴan Liverpool ku daure ku bi ni har ƙarshe, ba zan ci muku haƙƙi ba.

A watan Afrilun 1964 wani ɗan wasa mai suna Phil Chisnall ya bar United ya koma Liverpool a kan fam 25,000. Tun daga ranar, shekara 60 da ɗoriya ke nan, babu ɗan wasan da ya sake tashi kai tsaye daga ɗaya ya faɗa ɗayar. A 2007 Gabriel Heinze ya nemi ya koma Liverpool, Alex Ferguson ya ƙeƙasa ƙasa ya ce bai san zancen ba, ƙarshe dai Real Madrid ya tafi. Waɗanda suka sa rigunan biyu sai da suka yi zagaye: Paul Ince ya bi ta Inter Milan, Michael Owen ya bi ta Madrid da Newcastle. To abin da ƙungiyoyin nan suka ƙi yi wa juna tsawon wannan lokaci, mu masu wasan fantasi kowane mako muna yin sa a cikin waya, muna zaune a fada ana zagaya shayi. Ɗan United ya sayi ɗan Liverpool, har ya ɗora masa kambun kyaftin. Yaya aka yi muka zo nan?

Asalin rigimar ba a fili ta fara ba, a kasuwa ta fara. Garuruwan biyu suna arewa maso yammacin Ingila, tsakaninsu kilomita 50 da ɗan wani abu. Liverpool ce mai tashar jiragen ruwa, Manchester ce mai masaƙu. Auduga ta sauka a Liverpool, a kai ta Manchester a saƙa, a dawo da tufa ta Liverpool a fitar. A 1830 aka haɗa su da layin dogo. Amma ƴan kasuwar Manchester suka ga kuɗin da ake caje su a tasha da na jirgin ƙasa ya ishe su, sai suka haƙa wa kansu hanyar ruwa mai tsawon kilomita 58, aka buɗe ta a 1894, manyan jirage suka riƙa wuce Liverpool suna sauke kaya a cikin Manchester. Duk wanda ya san yadda gari ke ji idan an karkatar da hanyar manyan motoci daga kasuwarsa, ya san irin abin da ya tsaya wa mutanen Liverpool a wuya.

A cikin wannan shekara ta 1894 ɗin ne kuma ƙungiyoyin suka fara haɗuwa. United a lokacin sunanta Newton Heath, ma'aikatan jirgin ƙasa ne suka kafa ta a 1878, sai a 1902 ta canza suna. Liverpool kuwa jaririya ce, an haife ta a 1892 bayan Everton ta yi rigimar kuɗin haya da mai filin Anfield ta kwashe kayanta. Wasan na raba gardama ne: wanda ya ci ya buga rukunin farko, wanda aka ci ya sauka na biyu. Liverpool ta ci 2-0. Wato haɗuwar farko ma, su ne suka tura mu ƙasa suka hau kujerarmu.

Akwai wata rana da ɓangarorin biyu ba su son a tuna, 2 ga Afrilun 1915, ana tsakiyar yaƙin duniya na farko. United na gab da faɗuwa daga rukuni, Liverpool ba ta neman komai. Wasu ƴan wasa daga nan da can suka haɗa baki cewa United za ta ci 2-0, aka zuba kuɗi a caca a kan wannan sakamako. Haka kuwa aka tashi. An ɓarar da fenariti a wasan, kuma da Fred Pagnam na Liverpool, wanda ya ƙi shiga cikin shirin, ya buga ƙwallo ta daki ƙarfen raga, abokan wasansa faɗa suka yi masa. Hukumar ƙwallon Ingila ta bincika ta kori mutum bakwai har abada, huɗu na Liverpool, uku na United. Bayan yaƙi aka yafe wa mafi yawansu, amma Enoch West sai a 1945 aka ɗage masa, bayan shekara 30. Ku riƙe wannan labari, za mu buƙace shi a gaba.

Abin da matasa da yawa ba su sani ba shi ne, mutumin da ya gina United, Matt Busby, tsohon kyaftin ɗin Liverpool ne. Ya karɓi United a 1945, ya tara yara masu tasowa, haɗarin jirgin sama na Munich ya faɗa musu ranar 6 ga Fabrairun 1958, mutum 23 suka rasu, takwas daga ciki ƴan wasa. Shi kansa da ƙyar ya sha. Shekara 10 bayan haka ya ɗauki kofin Turai, aka lallasa Benfica 4-1 a Wembley. A ɗaya ɓangaren Bill Shankly ya zo Liverpool a ƙarshen 1959 ya tarar da ita a rukuni na biyu, ya fito da ita a 1962, ya ci lig a 1964. Su biyun ƴan Sukotilan ne, daga ƙauyukan masu haƙar kwal, kuma aminai ne. Gasa ce mai zafi, amma da mutunci.

Daga nan sai abin ya zama rawar ƴan mata, na gaba ya koma baya. United ta ci lig a 1967, ba ta sake gani ba sai 1993, shekara 26, har da faɗuwa rukuni na biyu a 1974. A cikin wannan fari namu Liverpool ta yi damina: Bob Paisley kaɗai ya kawo lig shida da kofin Turai uku. Ɗan abin da muke tinƙaho da shi a zamanin shi ne wasan ƙarshe na kofin FA na 1977, da muka ci su 2-1 muka hana su haɗa kofi uku a shekara guda. Zuwa 1990 lissafin lig ya tsaya 18 da 7. Sai Ferguson, wanda ya zo a Nuwamban 1986, ya juya ƙwaryar: lig 13, kofi uku a 1999, ya wuce su da na 19 a 2011, ya ajiye aiki da na 20 a 2013. Liverpool ta yi shekara 30 tana jira, sai 2020 Jurgen Klopp ya share mata hawaye, a Afrilun 2025 kuma Arne Slot ya kawo na 20. Kunnen doki. A kofin Turai dai gaskiya ɗaya ce, shida gare su, uku gare mu.

Gabar tana da muni ma. Akwai marasa tarbiyya a ɓangarorin biyu da ke yi wa juna waƙar gori da mamatan Munich da mutum 97 da suka rasu sanadin turmutsitsin Hillsborough na 1989. Akwai rigimar Luis Suarez da Patrice Evra ta 2011, wadda ta ja wa Suarez dakatarwar wasa takwas saboda kalaman launin fata. Amma akwai 19 ga Afrilun 2022, da mutanen Anfield suka tashi suna tafi a minti na bakwai don yi wa Cristiano Ronaldo ta'aziyyar jaririnsa. Sun yi mana karamci, sannan suka zuba mana huɗu.

Yanzu mu dawo kan fantasi. Wasan a Amurka aka ƙirƙiro shi, a 1962, wani Bill Winkenbach mai hannun jari a ƙungiyar Oakland Raiders da abokansa suka tsara shi don irin tasu ƙwallon ta hannu da kokawa. Ya shigo Ingila a farkon shekarun 1990 ta hanyar jaridu, hukumar Firimiya ta buɗe nata a intanet a kakar 2002/03, yau masu yin sa sun haura miliyan 10. Ga wanda bai sani ba: ana ba ka fam miliyan 100 na ƙarya, ka sayi ƴan wasa 15, kada su wuce uku daga ƙungiya guda. Ɗan gaba ya ci ƙwallo maki 4, ɗan tsakiya 5, ɗan baya 6, wanda ya ba da aka ci 3. Jan kati a cire 3. Kyaftin kuma makinsa ninki biyu ne. Dokar mutum uku ɗin nan ita ce tushen fitina, don ko kana son United kamar ranka, mutum 12 dole ka nemo su a gidan wasu.

Sai ga Mohamed Salah. Ya zo Liverpool a 2017, fantasi ta rubuta shi ɗan tsakiya, ya ci ƙwallo 32 a kakar farko ya tara maki 303. A kakar 2024/25 ya karya nasa tarihin da 344. Wanda ya ƙi sa shi don kishin ƙungiya, tun kafin sanyi ya shigo ya san matsayinsa a lig ɗin fada. Ga shi ɗan Afirka, ga Sadio Mane a gefensa shekara biyar. Yaya za ka ƙi su da zuciya ɗaya?

Ranar 24 ga Oktoban 2021 ita ce ranar wankan da ba a ɓoye cibi ba. Liverpool ta zo Old Trafford ta ci 5-0, Salah ya ci uku ya ba da ɗaya, baƙo na farko da ya ci uku a filin a tarihin Firimiya. Maki 24, ga wanda ya sa shi kyaftin 48. Wanda ya riƙe ɗan bayan United kuwa, makin fitowa 2 ne, ƙwallo biyar suka cinye su tas. Paul Pogba ya shigo bayan hutun rabin lokaci, cikin minti 15 ya karɓi jan kati. A gidajen kallo ranar an ga wata sabuwar halitta: mutum sanye da jar rigar United, fuska a murtuke, amma hannu na cikin aljihu yana leƙa waya. Da Salah ya ci ta uku bai san ko ya yi kuka ko ya yi hamdala ba.

Sai 5 ga Maris 2023, mako guda bayan mun ɗauki kofin Carabao: 7-0 a Anfield, Gakpo biyu, Nunez biyu, Salah biyu, Firmino ɗaya. Jama'a suka yi rububin sayen ƴan Liverpool, wasu har da yarda a cire musu maki 4 na ƙarin canji. Kwana shida bayan haka Bournemouth ta ci Liverpool 1-0, Salah ya buga fenariti waje. Fantasi ke nan, ba ta da amana.

Mu a nan kuma wahalarmu ta fi ta Bature. Ana rufe canji minti 90 kafin wasan farko na mako. Ingila tana canza agogo sau biyu a shekara, mu ba ma canzawa, don haka rufewar da ka saba da ita ƙarfe 11 na safiyar Asabar sai ta koma 12 daga ƙarshen Oktoba, ta dawo 11 a ƙarshen Maris. Wanda bai lura ba a Afrilu, ya shigo da rabin awa a hannunsa a zatonsa, ya tarar ƙofa a rufe. Ga rezo mai zuwa da tafiya, ga wuta, ga mega da ke ƙarewa daidai lokacin da kake danna tabbatarwa. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma in ka fafe da wuri ma, ɗan wasan sai ya ji ciwo a atisaye ranar Juma'a. Ga kuma kofin Afirka da ke kwashe mutane a tsakiyar kaka: a farkon 2022 Salah da Mane suka tafi Kamaru har wasan ƙarshe, Senigal ta ci Masar a bugun fenariti, masu fantasi na ta lissafin ranar dawowarsu.

To ina matsayata? Sa ɗan Liverpool a fantasi ba cin amana ba ne. Ƙungiyar da tsohon kyaftin ɗin Liverpool ya gina ba za ta kore ka don ka yaba wa gwani ba. Kuma mu da ba mu da jirgi a Mersey ba mu da masaƙa a Manchester, gabarmu ai wasan taubashi ce, irin ta Fulani da Barebari: a yi gori, a yi dariya, a sha shayi a buta ɗaya. Inda nake ja layi shi ne ranar da za su haɗu da mu. Ranar a bar shi a cikin sha ɗaya in an ga dama, amma a cire masa kambun kyaftin. Taura biyu ba ta taunuwa. Duk wanda ya zauna minti 90 yana fatan a zura wa ƙungiyarsa don makinsa ya ninka, ya riga ya bar ƙungiyar, riga ce kawai ta rage a jikinsa.

Abin ya fi muni idan kuɗi suka shigo. Lig ɗin fada da aka fara don nishaɗi, an koma kowa ya ajiye jika biyu ko biyar, na ɗaya ya kwashe. Daga nan sai ka ga abokai sun daina gaisawa saboda maki uku. Ku tuna 1915: abin da ya zubar da mutuncin ƙungiyoyin biyu ba cin 7-0 ba ne, kuɗin da aka ɗora a kan sakamako ne. An ci mu bakwai mun tashi, shekara guda bayan haka, a Maris 2024, Amad Diallo ɗan Kodibuwa ya ci su a minti na ƙarshe na ƙarin lokaci, 4-3 a kofin FA, ya tuɓe riga don murna, alƙali ya ba shi katin gargaɗi na biyu ya fita yana dariya. Wasan kofi ne, ko maki ɗaya bai shiga fantasin kowa ba, kuma ban san ɗan United ɗin da zai musanya wannan dare da maki 48 ba.

Ƴan Liverpool, kun ji na faɗi naku ban rage ba. Lissafi ya tsaya 20 da 20, sai mu ga wanda zai riga kai hannu kan na 21. Allah ya bar zumunci, a gaida mutanen fada.