Yadda Aka Harhaɗa Jami'ar Ahmadu Bello

In mutumin Batsari ko na Safana ya ji an ce ɗan wane ya tafi jami'a a Zariya, sai ya zaci wata makaranta ce guda, irin elementare, sai dai ta fi ta yawan ɗakuna. To, jami'a kamar gandu take, maigida ɗaya, amma kowane sashe da aikinsa. Ga yadda aka tsara ta Zariya.

Sa'ad da Nijeriya ta sami mulkin kai a 1960, Jihar Arewa ba ta da jami'a ko ɗaya, masu ilmi mai zurfi kuwa 'yan kaɗan ne ƙwarai. Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, da mutanensa suka ga in an ce sai an gina kome sabo, jiran zai yi tsawo. Sai suka dubi abin da ke hannu. A Samaru akwai babbar kwalejin fasaha da kimiyya, ga kuma gonar gwaji inda tun zamanin Turawa ake binciken irin auduga da gyaɗa da dawa. A Shika akwai wurin gwajin kiwon shanu. A Kongo akwai makarantar da aka fara a 1947 don koya wa akawunan En'e aikin ofis. A Kano kuma akwai Kwalejin Abdullahi Bayero ta Larabci da ilmin addinin Musulunci. Aka tattara su duka ƙarƙashin shugaba ɗaya, aka buɗe jami'ar ran 4 ga Oktoba, 1962, da ɗalibai 426. Shugaban farko Bature ne, Norman Alexander, mutumin New Zealand.

A ganina, hikimar tana wajen rabon. Aikin gona aka bar shi kusa da gonar gwaji, don malami ya riƙa taka ƙasa yana ganin abin da yake koyarwa. Ilmin shari'a aka ajiye shi Kongo, wurin da ma'aikatan mulki suka saba zuwa.

Amma fa gyara bai ƙare ba. An buɗe ƙofa, masu shiga daga Arewa ba su da yawa, gama makarantun sakandare da ke kai yaro matsayin shiga jami'a sun yi ƙaranci, balle a ƙauyuka irin na yammacin Katsina. Dokta Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci jami'ar, daga 1966 zuwa 1975, shi ne a zamaninsa aka ƙaro makarantar share fage, watau inda yaro zai zauna a ƙara masa karatu kafin ya shiga sashen da yake so. 'Ya'yan talakawa da yawa ta nan suka bi.

Daga baya ɗan da ya girma ya ware gandunsa. Kwalejin Kano ta fara cin gashin kanta a 1975, a 1977 ta zama Jami'ar Bayero. Katsina ma ta sami tata a 2006, wadda daga bisani aka sa wa sunan Umaru Musa 'Yar'aduwa. A 2011 Gwamnatin Tarayya ta kafa wata a Dutsin-Ma, maƙwabciyar Safana, tafiyar da ba ta kai a yi mata guzuri ba.