INJI YA KARƁI FASSARA, WA ZAI GYARA WA INJI?

Jama'a, wannan muhawara da ake ta yi kan ko ƙirƙirarriyar basira za ta dusashe ƙwaƙwalwar masu fassara da tafintoci, kada ku ɗauka jiya ta fara. Ta kai shekara tamanin. Ku ɗan yi haƙuri da tsawon rubutun, mu bi ta daki-daki.

Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, tafinta a manyan tarukan Turai jira yake yi mai magana ya gama jawabinsa, yana 'yan rubuce-rubuce a takarda, sannan ya miƙe ya maimaita jawabin kaf a wani harshe. Haka aka yi a taron sulhu na Paris a 1919. Jarin waɗannan mutane shi ne hadda da riƙe zaren magana.

Sai aka zo shari'ar Nuremberg a ƙasar Jamus, wadda aka buɗe ranar 20 ga Nuwamba 1945. Harsuna huɗu ake amfani da su: Ingilishi, Faransanci, Rashanci da Jamusanci. Da an bi tsohon tsari, da shari'ar ta ja lokaci ba kaɗan ba. Sai aka kawo na'urorin kamfanin IBM, aka sa wa tafintoci abin sauraro a kunne, mutum yana ji yana fassarawa nan take. Da yawa daga tsofaffin tafintoci ba su so abin ba. Amma Majalisar Ɗinkin Duniya ta rungumi tsarin a 1947, kuma a hankali fasahar riƙe dogon jawabi a ka ta ja baya a manyan taruka. Wata sabuwa ta maye gurbinta, wato saurare da magana a lokaci guda. To lura fa, har a nan duk tunanin a kan mutum yake. Inji murya kawai yake kaiwa.

Mutumin da ya jagoranci tsarin fassara a Nuremberg, Léon Dostert, shi ne kuma ya tsaya kan gwajin da Jami'ar Georgetown da IBM suka yi a Janairun 1954. Kwamfuta ta juya jimloli sama da 60 daga Rashanci zuwa Ingilishi, da kalmomi 250 da ƙa'idojin nahawu shida kacal. Aka yi ta shela cewa nan da shekara uku zuwa biyar an gama da matsalar fassara. Ina! A 1966 kwamitin ALPAC a Amurka ya fitar da rahoto cewa fassarar inji ta fi ta mutum tsada, kuma ba ta kai ta inganci ba. Aka janye kuɗin bincike, abin ya lafa na tsawon shekaru.

Daga baya inji ya dawo a matsayin ɗan aike. Kamfanin Trados, da aka kafa a Stuttgart a 1984, ya yi fice da manhajar da ke adana duk jimlar da ka taɓa fassarawa, ta miƙo maka ita in ta sake fitowa. Google Translate ya zo a 2006, ya saka Hausa a Disambar 2013, sannan a 2016 ya koma sabon tsari mai fitar da jimla sumul. ChatGPT ya biyo baya a Nuwambar 2022. Yau a kamfanonin fassara da dama, inji ne ke rubuta daftarin farko, mutum ya bi ya gyara. Aikin gyaran ma har ƙa'idar duniya gare shi, ISO 18587, tun 2017.

To, a nan gizo ke saƙa. A baya abin da inji ke karɓa shi ne ɗawainiya: kai murya, buɗe ƙamus, tuna tsohuwar jimla. Yanzu daftarin farko ya karɓe, kuma a nan ne ƙwaƙwalwar mai fassara ke samun horo. Wannan zaman da mutum zai yi yana juya kalma ɗaya, ya ɗauka ya ajiye har ya samu wadda ta zauna, shi ne makarantar.

Tun 1983 wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Ingila, Lisanne Bainbridge, ta hango wannan a masana'antu. Abin da ta nuna shi ne, in inji ya karɓi aikin yau da kullum, ma'aikaci zai daina gwada hannunsa, amma ranar da inji ya kasa, shi ɗin dai ake so ya ceto lamarin da gwanintar da ya daina amfani da ita. A 2025 masu bincike na Microsoft da Jami'ar Carnegie Mellon sun tambayi ma'aikata 319, suka ga cewa waɗanda suka fi amincewa da AI su ne suka fi rage bin diddigin abin da ya ba su.

Kuma kuskuren fassara yana iya kai mutum ofishin 'yan sanda. A Oktoban 2017 'yan sandan Isra'ila sun kama wani Bafalasɗine da ya rubuta gaisuwar safe da Larabci a Facebook, injin fassara ya mayar da ita kira a kai hari. Ba wani mai jin Larabci da ya duba rubutun kafin a kama shi. Bayan 'yan sa'o'i aka sake shi, kamfanin ya ba da haƙuri.

Mu dawo gida, domin Hausa tana cikin harsunan da waɗannan injina ke fassarawa yanzu. Mu ma muna da tarihin fassara mai ƙarfi. A Zariya, ƙarƙashin Rupert East, Abubakar Imam ya ɗauko labarai daga Larabci da na Turai ya zuba su a Magana Jari Ce, har mai karatu zai rantse a ƙasar Hausa aka haife su. Wannan hannun ne ya riƙe Gaskiya Ta Fi Kwabo daga 1939. Ya iya haka ne don ya san abin da Bahaushe zai faɗa da abin da ba zai taɓa faɗa ba.

Yanzu fa? Za ka ga an rubuta wai "taro ya ɗauki wuri", ko a ce dattijo "ya mutu" a inda kowa ya san "ya rasu" ake cewa, ko a kira basarake da "kai". Rubutun Hausa da ke intanet bai taka kara ya karya ba in aka gwada shi da na Ingilishi, don haka injin bai ƙoshi da Hausa ba. Ga shi kuma jimlarsa na fitowa da santsi, sai ido ya wuce kuskuren. Wanda ya shekara ashirin yana fassara da kansa zai tsinkayo shi. Yaron da ya fara aiki bara, kuma da gyaran inji ya fara, da wane ma'auni zai auna? In muka yi sake, gurɓatacciyar Hausar da aka wallafa yau ita injin zai koya gobe, ya sake dawo mana da ita.

Ni dai ban ce a jefar da inji ba, yana rage wahala sosai. Shawarata ga 'yan'uwa masu fassara, 'yan jarida da malaman harshe ita ce: karanta asalin rubutun ka fahimce shi kafin ka leƙa abin da inji ya kawo. Ware wani aiki a kowane mako da za ka yi da hannunka tun daga farko. Masu horar da ɗalibai kuma, a bar su su sha wuyar daftarin farko kafin a damƙa masu manhaja. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Masu wannan sana'a da ke nan, yaushe rabonku da fassara shafi guda ba tare da kun buɗe inji ba? Allah ya sa mu dace.