Daga Diyya zuwa Gidan Kaso a Ƙasar Adar

Tun bayan da Agabba ɗan Sarkin Agadas ya ci ƙasar Adar a 1674, har sarautar zuriyarsa ta zauna a Illela, hukuncin jini a garuruwa irin su Bambeye da Tawa yana tsakanin hannu biyu ne: dattawan Azna masu sulhu bisa al'adar kakanni, da kuma malamai masu hukunci da littattafan Risala da Muhtasar na mazhabar Maliku. A wurin malamai, wanda ya kashe rai da gangan, al'amarinsa yana ga waliyyan mamaci. In sun so a yi ƙisasi, in kuwa suka yafe, sai a yi masa bulala 100, a tsare shi shekara guda. Kisan kuskure kuwa diyya ce, raƙuma 100 ko dinari 1,000, kuma ba mai laifin kaɗai ke ɗaukarta ba, danginsa na wajen uba, waɗanda fiƙihu ke kira aƙila, su ke haɗa ta cikin shekara 3. Hikimar wannan a fili take, domin dangin da suka san garkensu zai biya wautar ɗansu ba su sakin linzaminsa.

Da Faransawa suka kafu a Tawa a farkon ƙarni na 20, sai suka zo da gidan kaso da wata doka wadda ta ba kwamandansu ikon rufe mutum kwana 15 ba tare da alƙali ba. Ɗan kaso bai zame wa Nasara nauyi ba, shi ke gyaran hanya da ɗibar ruwa. A 1946 aka soke wannan doka tare da aikin dole, amma kaso ya zauna daram.

Hukuncin kisa yana nan cikin dokar Nijar, ko da yake ba a zartar da shi ba tun 1976, lokacin da aka harbe waɗanda suka yi yunƙurin kifar da Shugaba Seyni Kountché. Da aka kawo shawarar soke shi a Disamba 2010, Majalisar Tuntuɓa ta Ƙasa ta ƙi amincewa. Saboda haka wanda aka yanke wa kisa yakan tsufa a ɗaure, baitulmali na ciyar da shi da harajin talakawa, iyalinsa na cikasawa da kwanon tuwo, marayun mamaci kuwa sau da yawa ba abin da ke isa hannunsu. A nan, a ganina, tsarin magabata ya fi na yau adalci ga wanda aka zalunta.