Gandu da turke: yadda gona da tumaki ke riƙe iyali a Wudil

A ƙauyukan ƙaramar hukumar Wudil ta jihar Kano, noma da kiwon tumaki ba sa rabuwa. Gona tana ba dabba harawa, dabba kuma tana mayar wa gona taki.

Da damina, aiki yana farawa bayan sallar asuba. Maigida da 'ya'yansa maza sukan tafi gandu, wato gonar iyali, inda ake shuka gero da dawa haɗe da wake ko gyaɗa. Sai da yamma kowa ke waiwayar gayaunarsa. Tumaki kuwa a turke suke wuni don gudun ɓarna. Yara ke yanko musu ciyawa, mata su ba su dusa da ruwa, kuma da yawa daga cikinsu mallakar matan ne.

Bayan girbi, ana adana harawa a kan rufin ɗaki ko bishiya, a saki dabbobi su yi kiwo a gonaki. Kafin saukar ruwa, akan kwashe takin turke zuwa gona da jaki ko amalanke.

Rago shi ne asusun gida. Idan kuɗin magani, na makaranta ko na takin zamani ya taso, akan kai shi kasuwar Wudil da ke ci ranar Juma'a. Farashinsa yakan tashi gabanin Babbar Sallah.

Wannan tsari yana cikin matsi. Cire tallafin man fetur a Mayun 2023 ya ƙara tsadar sufuri da kayan noma. Rabon gado kuma yana rage girman gonaki, alhali ƙaramar gona ba ta ba da harawar da za ta kai garke ƙarshen rani.